Me ya kai 'yan zari-ruga Old Trafford? Amsa ga ɗan'uwa mai tambaya

Ɗan'uwa ka ce ka kunna talabijin a watan Oktoba ka ga Old Trafford cike maƙil amma ba United ke wasa ba, wasu ƙarti ne ke ta kokawa da ƙwallo mai siffar gwanda, Wigan da wata Hull KR, shi ne kake tambaya wai wane irin wasa ne wannan, filin nasu ne ko haya suka yi, kuma me ya sa ba ka ji sunan Landan ko Liverpool cikin zakarun ba sai wasu garuruwa da ko a taswira sai an wahala. To na zauna a Leeds shekaru, karatu ya kai ni wasan nan ya riƙe ni, bari in warware maka, amma ka yi haƙuri da tsawo.

Filin dai aro ne. Tun 1998, in ban da 2020, suke yin wasan ƙarshe na Super League, babbar gasarsu ta Ingila, a can, dare ɗaya a shekara, gari na wayewa a goge layukansu a mayar wa United da kayanta. Wembley ma haka. Duk manyan ranakun wasan nan a Ingila a gidan wasu ake yin su, ainihin gidajensa kuwa suna can cikin ƙananan garuruwan da ka ce ba ka sani ba, kuma dalilin hakan shi ne duk labarin.

Da farko ka sani zari-ruga iri biyu ne. Akwai na mutum 15, shi ake kira Union, shi ne wanda Afirka ta Kudu ke cin kofin duniya, akwai kuma na mutum 13, League, shi ka gani. Asali abu ɗaya ne. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi suna arewacin Ingila, Yorkshire da Lancashire, kuma 'yan wasansu leburori ne, masu haƙar kwal, ma'aikatan masaƙa, 'yan dako a tashar jirgin ruwa. Mutanen nan ana aiki har ranar Asabar, in mutum zai buga wasa sai ya bar aiki, in ya bar aiki an yanke masa kuɗin ranar, in kuma aka karya shi a fili to iyalinsa sun shiga uku. Sai ƙungiyoyin arewa suka ce a bari mu riƙa biyan su ladan lokacin da suka rasa, ba albashi ba fa, diyya kawai. Shugabannin wasan da ke Landan, 'ya'yan masu hali waɗanda suka yi makarantun kuɗi, suka ce atafau, wai wasa don nishaɗi ake yi, karɓar kuɗi zubar da girma ne. Ai ka san wanda bai taɓa kwana da yunwa ba shi ke faɗin haka. An kaɗa ƙuri'a a 1893 'yan arewa suka sha kaye. Ranar 29 ga Agusta 1895 suka taru a George Hotel da ke Huddersfield suka ɓalle, ƙungiyoyi 22, suka kafa tasu hukumar, suka ce za a riƙa ba ɗan wasa sule shida a ranar da ya bar aiki. Sule shida ɗin nan ya raba wasa gida biyu har yau.

Kuma gabar ba ta wasa ba ce. Shekara ɗari cif duk wanda ya taɓa buga League, ko da kwabo bai karɓa ba, Union na iya haramta masa wasansu har ya mutu. Sai a 1995 su ma suka fito fili suka fara biyan 'yan wasa, abin da suka kori mutane a kansa.

Tunda yanzu kuɗin ƙofa ne ke riƙe da ƙungiya, dole wasa ya yi daɗin kallo, shi ya sa suka riƙa sassaƙe dokokin. A 1906 aka rage mutane zuwa 13 don fili ya buɗe, aka kawo wannan abin da ka gani, in an kayar da mutum sai ya miƙe ya tura ƙwallo baya da ƙafa ta tsakanin ƙafafunsa a ci gaba. Yanzu dai ga yadda yake: minti 80, ba a jefa ƙwallo gaba da hannu sai baya ko gefe, kowace ƙungiya tana da kamu shida, in aka kayar da ku sau shida ba ku ci ba ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa bayan na biyar za ka ga an doka ta da ƙafa. Masu tsaro kuma duk kamu sai sun ja baya mita 10 sannan su sake tahowa, wannan kai-komon shi ke cinye numfashi. Dire ƙwallo a bayan layi, tirai, maki 4, bugun da ke biyo baya maki 2. Shi ke nan ka iya kallo.

To garuruwan. In ka ɗauki babbar hanyar M62 daga Hull a gabas ka nufi Liverpool a yamma, kusan duk wasan yana gefenta: Hull, Castleford, Wakefield, Leeds, Bradford, Huddersfield, ka tsallaka duwatsu ka faɗa Leigh, Wigan, Warrington, Widnes, St Helens. Manyan birane ƙwallon ƙafa ta cinye su tun tuni, amma a garin kwal kamar Castleford ko garin gilashi kamar St Helens wannan wasan shi ne gari. Featherstone mutanenta wajen dubu 15 ne kawai, amma sau uku ta ɗauko Challenge Cup, kofinsu na sili ɗaya ƙwale, daga Wembley, 1967 da 1973 da 1983, na ƙarshen nan ma ta doke Hull 14-12 ne lokacin Hull na ji da kuɗi da taurari.

Wasan farko da na gani da idona a Castleford ne, filin Wheldon Road, wani abokin aikina Bature ɗan garin ya ja ni. Ba kujera inda muke, tsaye ake kan matakalar siminti, rufin kwano, jirgin ƙasa na wucewa ta bayan wani gefen, ana yayyafi irin na Ingila wanda ba ya jiƙa ka lokaci ɗaya sai dai ka ga sanyi ya shige ƙashi. Tsakaninmu da layi bai fi taku kaɗan ba. Abin da talabijin ba ta kawo maka shi ne ƙarar, mutum mai kilo ɗari ya taho a guje biyu su tare shi, sai ka ji tim kamar an jefar da buhun masara daga kan mota, ba hular kwano ba sulke, ya tashi ya tura ƙwallo kamar ba komai. Kusa da ni wata tsohuwa da ta haifi babata, da gyalen ƙungiya a wuya, tun daga farko har ƙarshe rafali take wa masifa wai 'yan waje ba sa ja baya mita goman, ta san sunan kowane yaro a fili, wani ma ta ce da kakansa suka yi makaranta. Abokina ya miƙo min irin burodin naman nan nasu, na ce me ke ciki, ya ce bai da tabbas, na ce a ba ni soyayyen dankali da shayi kawai. Kuma magoya bayan ɓangare biyu a cakuɗe suke, ba 'yan sanda a tsakani kamar na ƙwallon ƙafa, zagi dai akwai amma a nan yake tsayawa.

Filin da ya fi kowanne ban mamaki shi ne Odsal na Bradford. Wani ƙaton rami ne da ake zubar da shara a da, aka mayar da shi fili a 1934, in ka shiga daga titi gangarawa za ka yi, 'yan wasa na can ƙasa kamar a gindin kwarya. A 1954 Warrington da Halifax suka yi 4-4 a wasan ƙarshe na Challenge Cup a Wembley, aka ce a sake a Odsal ranar 5 ga Mayu, ranar Laraba ce ma, aka zaci mutane ba za su zo sosai ba. Mutum 102,569 aka rubuta a takarda, waɗanda suka je kuwa sun ce an fi haka nesa don shinge ya faɗi mutane sun kwararo. Warrington ta ci 8-4. Yau in ka je za ka tarar da 'yan dubbai a cikin wannan ramin, ga hanyar tseren motoci kewaye da ciyawar. Ita Bradford ɗin sau huɗu ta ci Super League, 1997, 2001, 2003, 2005, sannan bashi ya durƙusar da ita har aka rushe kamfanin a Janairun 2017 aka sake kafawa. Wasan nan ba kuɗi a cikinsa kamar yadda kake zato, zakara na iya zama mabaraci cikin shekara goma.

Wasu filayen ma babu su. Central Park na Wigan, inda suka zauna daga 1902 zuwa 1999, inda mutum 47,747 suka kalli wasansu da St Helens a 1959, an sayar, yanzu kantin Tesco ne da wurin ajiye motoci, ƙungiyar ta koma tana raba fili da Wigan Athletic ta ƙwallon ƙafa. Knowsley Road na St Helens an bar shi a 2010 an gina gidaje. Thrum Hall na Halifax shi ma kanti ne. Sabbin filayen sun fi tsafta, akwai banɗaki mai kyau, ba na musu, amma ni dai in ka rufe min alamar ƙungiya ba zan iya bambance su ba. Headingley na Leeds ne ya tsira da mutuncinsa, tun 1890 yake, an gyara shi amma an bar wurin tsayuwa a gefen kudu, kuma bayansa manne yake da filin kurket, gini ɗaya fuska biyu. A nan aka yi wasan ƙarshe na Challenge Cup na farko a 1897, Batley ta doke St Helens 10-3.

Shi Challenge Cup ɗin kamar kofin FA ne, sili ɗaya ƙwale. A 1929 aka kai wasan ƙarshensa Wembley don a nuna wa 'yan kudu, Wigan ta ci Dewsbury 13-2, daga nan tafiya Landan ta zama kamar sallar shekara ga mutanen arewa, ana adashi tun farkon shekara, gari guda ya cika jiragen ƙasa. A 1980 da ƙungiyoyin Hull biyu suka haɗu a can, ana ba da labarin wani ya rataye ƙyalle a hanyar fita gari wai wanda ya fita ƙarshe ya kashe fitila. Wanda dattawa ba sa mantawa kuma na 1968 ne, ruwa ya cika fili kamar fadama, Leeds na gaba 11-7, Wakefield ta dire ƙwallo a ƙarƙashin turaku a daƙiƙar ƙarshe, lokacin tirai maki 3 ne, ya zama 11-10, saura bugu daga gaban turaku wanda yaro ma zai ci. Don Fox, wanda an riga an zaɓe shi gwarzon wasan, ya zo ya buga ta zame ta yi gefe. Kocin Leeds a ranar Roy Francis ne, baƙar fata ɗan Wales, a 1968 fa.

Nan ne abin da ya sa na ƙara son wasan. Billy Boston, ɗan Cardiff, mahaifinsa ɗan Saliyo, ya ga ba zai samu shiga tawagar Wales ta Union ba ya taho Wigan a 1953, ya ci musu tirai 478, sai a 2025 aka ba shi sarautar Sir, shi ne na farko a tarihin wasan gaba ɗaya, bayan shekara 130, ka ga har yanzu da sauran raini. Clive Sullivan ya zama kyaftin ɗin Birtaniya ya ɗauki kofin duniya a 1972, baƙar fata na farko da ya jagoranci tawagar ƙasar a kowane wasa, ya buga wa Hull biyun duka, kuma babbar hanyar shiga garin sunansa ta ci. Sai namu, Martin Offiah, haifaffen Landan iyayensa 'yan Najeriya. Wigan ta saye shi daga Widnes a 1992 kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin, ya taɓa cin tirai 10 a wasa ɗaya a kan Leeds, kuma ka nemi bidiyon wasan ƙarshe na 1994 ka ga yadda ya ɗauko ƙwallo daga bakin layinsu ya keta fili gaba ɗaya. Yana cikin mutum biyar da aka yi wa gunki a bakin Wembley, shi da Boston.

Wigan ɗin zamanin Offiah ba a taɓa irinta ba, Challenge Cup takwas a jere daga 1988 zuwa 1995. Amma in faɗa maka gaskiya akwai dalili, su sun riga kowa mayar da 'yan wasansu cikakkun ma'aikata, sauran kuwa mutum zai yi aikin gini ko tuƙin mota da rana ya zo atisaye da yamma. A 1996 kuɗin talabijin na Rupert Murdoch ya shigo, aka kafa Super League, aka mayar da kakar daga hunturu zuwa bazara, kowa ya zama cikakken ɗan wasa. Duk da haka kusan shekara 30 ƙungiya huɗu kacal ke karɓa-karɓa da kofin, St Helens, Wigan, Leeds, Bradford. St Helens ta ci 10, har da huɗu a jere 2019 zuwa 2022. Leeds 8, zamanin Kevin Sinfield da Rob Burrow, wani ɗan firit da ke shigewa ta ƙarƙashin hammatar ƙarti, wanda ciwon jijiyoyi ya kwantar, Sinfield ya ɗauke shi a hannu suka tsallake layin gudun fanfalaki na Leeds a 2023, ya rasu a Yunin 2024. Wigan ta kwashe kofi huɗu duka a 2024. To wasan da ka gani, in na 2025 ne, ka ga tarihi ba ka sani ba, don Hull KR ta doke Wigan 24-6 ta zama ta biyar da ta taɓa ci, rabonta da zama zakara tun 1985. In kuma na 2024 ne Wigan ce ta ci 9-2.

Duk wannan fa Ingila ƙaramar kasuwa ce. Hedikwatar wasan yanzu Ostireliya ce, a Sydney da Brisbane shi ne sarki, babbar gasarsu, NRL, ta fi kuɗi ta fi gudu, duk ɗan Ingilan da ya isa can yake so ya gwada kansa. Sun fara a 1908, South Sydney ce zakara ta farko kuma ita ke da mafi yawa, 21. St George ta ci 11 a jere daga 1956 zuwa 1966, a lokacin ba iyaka ga kamu, in ƙwallo ta shiga hannunsu sai sun ga dama, ana kawo dokar ƙayyade kamu a 1967 jerin ya tsinke. Penrith ta yi huɗu a jere 2021 zuwa 2024, wanda a ganina ya fi wuya saboda yanzu akwai iyakar albashi, duk shekara sai an tsince musu taurari. Mafi yawan 'yan kallo a tarihin wasan ma can ne, 107,999 a wasan ƙarshe na 1999 a filin Olamfik na Sydney. Ita South Sydney ɗin nan a ƙarshen 1999 aka fitar da ita daga gasa wai ba ta da kuɗi, talakawan unguwa suka fito zanga-zanga dubun dubata, aka je kotu, ta dawo a 2002, ta ci kofi a 2014 bayan shekara 43, Sam Burgess ɗan Ingila ya karye a ƙashin kunci a karon farko na wasan ya ƙi fita har aka tashi.

Amma in wasa ɗaya za ka kalla a rayuwarka to State of Origin, jihar Queensland da New South Wales, wasa uku duk shekara. A da mutum jihar da yake buga wasa yake wakilta, ƙungiyoyin Sydney kuma suna da kuɗi sun saye 'yan Queensland, sai a riƙa dukan Queensland da 'ya'yanta. A 1980 aka ce kowa ya koma asalinsa. Aka yi a Lang Park da ke Brisbane, filin da aka gina kan tsohuwar maƙabarta, Arthur Beetson yana ɗan shekara 35 ya jagoranci Queensland, ana cikin wasa ya kai wa Mick Cronin hannu, abokin wasansa a ƙungiyar Parramatta ta Sydney, daga nan kowa ya gane ba wasan sada zumunci ba ne. Queensland ta ci 20-10. Filin yanzu Suncorp ake kiransa, yana ɗaukar 52,500, kuma cikin sabbin filaye shi kaɗai nake ɗaga wa ƙafa. Musulmi ma sun taka rawa a can, Hazem El Masri ɗan asalin Lebanon ya tara maki 2,418 a ƙungiyar Canterbury, yana bugawa da azumi a bakinsa.

Sauran duniya a gurguje: a Faransa gwamnatin Vichy ta zamanin yaƙin duniya na biyu ta haramta wasan a 1941 ta ƙwace dukiyarsa, amma su suka shirya kofin duniya na farko a 1954, kuma Catalans ta Perpignan ta ci Challenge Cup a 2018. Papua New Guinea shi ne wasan ƙasa, za su shiga NRL a 2028. Ostireliya na da kofin duniya 12, na ƙarshe ta doke Samoa 30-10 a 2022, a Old Trafford ɗin dai da ka gani. Najeriya ma tana da tawaga, ta ci gasar Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019 ta sake ci a Accra a 2022, sai dai surutunsa bai kai ko'ina ba.

Kakar Ingila Fabrairu take farawa, ta Ostireliya Maris, Origin tsakanin Mayu da Yuli, kuma saboda bambancin lokaci wasannin Ostireliya da hantsi suke zuwa mana. In kana neman inda za ka fara, jira Juma'ar Ista, ranar Wigan ke haɗuwa da St Helens, Hull biyun ma a makon suke karawa, Hull FC masu baƙi da fari 'yan yammacin kogi, Hull KR masu ja da fari 'yan gabas. Ni Castleford nake goyon baya saboda tsohuwar nan, kuma har yau ba mu taɓa cin Old Trafford ba, sau ɗaya muka je a 2017 Leeds ta yi mana 24-6.